Ɗambatta a idon baƙo: Yadda rubuce-rubucen matafiya ke tsara kallon da al'ummomi ke yi wa juna

Akasarin abin da mutanen Turai suka fara sani game da ƙasar Hausa sun samo shi ne daga littattafan wasu 'yan tsirarun matafiya da suka ratsa yankin a ƙarni na 19. Su ma Hausawa, kafin yaɗuwar rediyo da talabijin, daga bakin waɗanda suka je suka dawo suka fara jin yadda Turai take. Tarihin yankin Ɗambatta da ke arewacin jihar Kano na nuna irin tasirin da waɗannan rubuce-rubuce suka yi a fagen siyasa da ciniki, har ma da noma.

Ɗambatta dai gari ne da ke kan hanyar Kano zuwa Kazaure da Daura, a tsakiyar ƙasar noma mai yawan jama'a, inda gona ke haɗe da gona, ƙauye ke hango ƙauye. Nan ne mazaunin Sarkin Ban Kano, ɗaya daga cikin masu zaɓen sarki. To amma lokacin da labarin wannan yanki ya fara isa Ingila shekaru 200 da suka wuce, a matsayin ƙasar ɗan tawaye ya isa.

Baƙon fada

A watan Janairun 1824 ne wani hafsan sojan ruwan Birtaniya, Hugh Clapperton, ya shiga birnin Kano daga Barno, bayan ya ƙetaro hamada daga Tarabulus. Shi ne Bature na farko da ya bar cikakken bayani a rubuce game da birnin. Ya ƙiyasta yawan mazaunansa tsakanin 30,000 zuwa 40,000, ya kuma yaba da tsarin kasuwar, musamman yadda mai saye ke iya mayar da tufafin da ya gano yana da aibi a biya shi kuɗinsa ta hannun dillali. A kasuwar ce ma ya sayi laima ƙirar Ingila, wadda ta riga shi isa Kano ta hannun fataken hamada.

Clapperton bai iske Sarkin Kano Ibrahim Dabo a cikin birni ba. Ya same shi ne a sansanin yaƙi a arewa da birnin, yana shirin fita yaƙi da Ɗan Tunku, wani jagoran Fulani da ya fito daga Ɗambatta, wanda ya ƙi yi wa Dabo mubaya'a bayan naɗinsa a 1819. Da yake Clapperton baƙon fadar Kano ne, daga bakin mutanen fadar da Larabawan birni ya ji labarin rikicin. Don haka ya rubuta shi yadda ya ji shi, wato ga halattaccen sarki a gefe guda, ga kuma ɗan tawaye mai tare hanya a ɗaya gefen.

A Kazaure, wadda ta koma jihar Jigawa a 1991, labarin ya sha bamban. A can ana tuna Ɗan Tunku ne a matsayin mai tutar jihadi kuma wanda ya kafa masarauta. Daga baya ma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardamar, inda ya amince Kazaure ta tsaya da ƙafarta. Mai karatu a Landan, wanda ya sayi littafin da aka buga a 1826, ba shi da wata hanya ta jin wannan ɓangare.

Wannan na daga cikin matsalolin da suka fi yawa a rubutun matafiya. Baƙo yakan kalli gari ne ta idon mai masaukinsa. Wanda ya ba shi abinci da rakiya da tafinta, shi ne ke zaɓa masa hanyar da zai bi da mutanen da zai gana da su, kuma sau da yawa abokin gabar mai masauki kan zama mugu a cikin littafin.

Kallo ta fuska biyu

Su ma masu masaukin suna nazarin baƙon nasu. Da Clapperton ya isa Sakkwato a watan Maris na 1824, Muhammadu Bello ya yi masa tambayoyi game da ɗariƙun Kirista, waɗanda shi kansa baƙon ya amsa cewa sun fi ƙarfin saninsa. Ya kuma tambaye shi game da harin da jiragen ruwan Birtaniya suka kai wa birnin Aljiyas da yadda Ingilishi suka mallake Indiya. Labaran waɗannan abubuwa sun iso Sakkwato ne ta bakin alhazai da fataken Larabawa, wato su ma ta hanyar matafiya.

Bello ya ba shi taswira, an kuma kwafa masa wani sashe na littafinsa Infaƙul Maisuri, waɗanda aka buga fassararsu a ƙarshen littafin na 1826. Ke nan wani ɓangare na abin da Turai ta ɗauka a matsayin binciken Bature, ilimin malaman Sakkwato ne.

A zuwansa na biyu Clapperton ya tarar al'amura sun canza. Ana yaƙi tsakanin Sakkwato da Barno, shi kuwa yana ɗauke da wasiƙa da kyaututtuka zuwa ga Shehu al-Kanemi. An kuma riga an yaɗa cewa a Indiya ma da ɗaiɗai da bibbiyu Ingilishi suka fara shiga kafin su ci ƙasar. A Sakkwato ya rasu a watan Afrilun 1827.

Tun kafin Turawa ma matafiya Musulmi sun yi irin wannan tasiri. Ibn Battuta, wanda ya ziyarci Mali a 1352 zuwa 1353, ya yaba wa mutanenta kan tsaro da kiyaye salla da haddar Alƙur'ani, amma ya soki wasu al'adunsu bisa ma'aunin Magrib inda ya tashi. Littafin Hasan al-Wazzan kuwa, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, an buga shi a birnin Venis a 1550, kuma kusan shekaru 300 shi ne madogarar Turai game da Kano da Katsina da Zazzau, ko da yake masana tarihi na da saɓani kan ko ya taka ƙasar Hausa da ƙafarsa.

Kano a alƙalamin Abdulkarim

Babu matafiyin da ya kai Bajamushen nan Heinrich Barth tasiri a wannan fage. Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya zo ne a ƙarƙashin wata tawaga da gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyinta. Ya biyo ta Agadas da Tasawa da Katsina, ya ratsa Kusada da Bichi mai maƙwabtaka da Ɗambatta, ya shiga Kano a farkon watan Fabrairun 1851, zamanin Sarki Usman.

Abin da ya bambanta shi da saura shi ne ya iya Larabci, ya kuma koyi Hausa da Barbarci, don haka yana iya magana da manomi da mai jaki ba tare da tafinta ba. A Gwandu ya samu kwafin Tarikhus Sudan, abin da ya nuna wa Turai cewa yankin na da rubutaccen tarihinsa. Littafinsa mai juzu'i biyar ya fito a 1857 da 1858, da Ingilishi da Jamusanci.

Barth ya bayyana karkarar Kano a matsayin ɗaya daga cikin wurare mafiya albarka a duniya, mai gonakin hatsi da auduga da baba, da itatuwa a tsakiyar gonaki. Ya ƙiyasta darajar tufafin da ake saƙawa ake rinawa a Kano, ake kuma sayarwa a wajenta, da wuri miliyan 300 a shekara, ya kuma nuna cewa ana kai su har Tarabulus da Timbuktu. Wani abin da ya burge shi shi ne, a cikin gidaje iyalai ke yin wannan sana'a, saɓanin manyan masaƙun Turai na zamaninsa. Bai ɓoye batun bauta ba: ya ƙiyasta cewa bayin da ake fitarwa daga Kano kan kai 5,000 a shekara.

Daga littafi zuwa mamaya

Abubuwa biyu suka fi zama a zukatan masu karatu a Turai daga waɗannan littattafai da waɗanda suka biyo baya, kamar na Paul Staudinger da ya zo a 1885 da na Charles Robinson da aka buga a 1896. Na farko arzikin Kano, wadda aka riƙa kwatanta ta da birnin Mancesta saboda saƙa. Na biyu kuma farautar bayi.

Dukkan abubuwan biyu gaskiya ne. Amma da aka haɗa su wuri guda sai suka zama hujja ga masu son mamaya: ga kasuwa da za a samu, ga kuma dalilin jinƙai da za a gabatar wa majalisa da coci. Da batun kawar da cinikin bayi, tare da wasu dalilai na siyasa, Frederick Lugard ya kare matakinsa na tura sojojin da suka ci Kano a watan Fabrairun 1903, sannan Sakkwato a watan Maris. Da wuya a ce Barth ya yi nufin haka, domin ya rasu tun 1865, amma littafi idan ya bar hannun mai shi, masu karatu ne ke yanke abin da za su yi da shi.

A kan wannan alaƙa tsakanin bayyana wata al'umma da mallakarta ne masanin nan Bafalasɗine Edward Said ya yi fitaccen littafinsa na 1978, inda ya nuna yadda marubutan Yamma suka ƙera wani hoto na ƙasashen Musulmi, wanda daga baya masu mulki suka yi aiki da shi. Wasu masanan sun soki Said da cewa ya yi wa marubutan kuɗin goro, kuma akan kawo Barth a matsayin misalin matafiyin da ya girmama ilimin waɗanda ya tarar.

Sunan da Kano ta yi kan auduga ya kuma sa masu masaƙun Ingila dogon buri. Sun sa ran cewa da zarar layin dogo ya iso, audugar arewa za ta kwarara zuwa masana'antunsu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai dai lissafin bai fita ba. Masaƙan gida na sayen auduga da farashin da ya fi na kamfanonin Turawa, manoman karkarar Kano kuma suka ga gyaɗa ta fi riba, ga shi ana iya cin ta idan shekara ta yi wuya. Daga 1912 cinikin gyaɗa ya bunƙasa, har ya kai ga dalar gyaɗar da Kano ta shahara da ita. Littattafan sun faɗi abin da ake nomawa, amma ba su bayyana yadda manomi ke auna ribarsa ba.

Ziyarar rani da batun hamada

Misalin da ya fi shafar manoman wurare irin Ɗambatta kai tsaye ya zo ne a zamanin mulkin mallaka. A 1934 wani farfesan ilimin gandun daji daga jami'ar Edinbara, E. P. Stebbing, ya zagaya arewacin Najeriya da kudancin Nijar a lokacin rani. Ya ga ƙasa fayau, ga ƙura, ga rairayi. A 1935 ya wallafa maƙala yana gargaɗin cewa Sahara na gangarowa kudu, ya ɗora laifin a kan yadda manoma da makiyaya ke amfani da ƙasa, ya kuma ba da shawarar a kafa shingen itatuwa don tare ta.

Gwamnatocin Birtaniya da Faransa sun kafa kwamitin haɗin gwiwa da ya binciki yankin kan iyaka a 1936 da 1937, kuma kwamitin bai sami shaidar da ke tabbatar da wannan barazana ba. Duk da haka hoton hamada mai tafiya ya zauna daram, ya kuma sake ƙarfi bayan farin da aka yi a farkon shekarun 1970. Har a shirin Babbar Koriyar Ganuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 ana iya ganin burbushin wannan tunani.

Binciken da masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya fara a karkarar Kano a shekarun 1960, ya kuma ci gaba da shi tsawon shekaru, ya nuna wani abu daban. Manoman yankin na noma gona ɗaya kowace shekara ba tare da hutar da ita ba, amma suna riƙe ƙarfinta da takin dabbobi da sharar gari da jakuna ke kaiwa. Suna haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a gona guda, suna adana harawa da karmami domin dabbobi, suna kuma barin gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya a tsaye domin kowace na da mai ita da kuma amfaninta. Yawan jama'a, wanda baƙi ke ɗauka shi ne ke kashe ƙasa, shi ne ke samar da hannayen da ke kula da ita.

Zaizayar ƙasa da ƙarancin ruwan sama da tsadar taki matsaloli ne na haƙiƙa a arewa. Amma wanda ya ga gonakin Ɗambatta a watan Maris kaɗai, da wanda ya gan su a watan Agusta, za su rubuta littattafai biyu mabambanta. Idan kuma aka gina manufar gwamnati a kan na farkon, manomi ne zai zama wanda ake zargi, alhali shi ya fi kowa sanin ƙasar.

Hausawa a Turai

Hausawa ma sun rubuta nasu. Lokacin da Barth ya koma Turai a 1855 ya tafi da wasu samari biyu da aka 'yanta daga bauta, Dorugu da Abbega. Dorugu, Bahaushe daga ƙasar Damagaram, ya ba wani malamin mishan, J. F. Schön, labarin rayuwarsa da Hausa, aka kuma buga shi a cikin Magana Hausa a 1885. A ciki ya bayyana yadda aka kama shi yana yaro, da tafiyarsu a hamada, da kuma al'adun Turawa irin su tsarin cin abincinsu, da irin mamakin da Turawa ke nunawa game da al'adun Afirka. Daga baya ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, inda ya rasu a 1912.

Sarakuna sun biyo baya. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya je Ingila a 1921 a tafiyar da ya haɗa da aikin hajji, sannan a 1934 Sarkin Musulmi Hassan da Sarkin Gwandu Usman da Sarkin Kano Abdullahi Bayero suka kai tasu ziyarar. Hukumomin mulkin mallaka ne suka tsara waɗannan tafiye-tafiye, suka kai baƙin masana'antu da sansanonin soja da fadar sarki, domin su dawo su ba da labarin ƙarfin Birtaniya. A nan ma mai masauki ne ya zaɓi abin da baƙo zai gani. Masanin tarihi ɗan Najeriya Moses Ochonu, a littafinsa na 2022 kan waɗannan ziyarce-ziyarce, ya nuna cewa matafiyan sun riƙa tace abin da suka gani, suna ɗaukar wanda ya dace da addininsu da muradunsu, suna barin saura.

Editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, Abubakar Imam, ya je Ingila a 1943 cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Ya gana da Lugard, ya kuma gabatar masa da koke-koke game da yadda ake tafiyar da mulki a arewa. Labarin tafiyar ya fito a littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi a 1944. Shi kuwa Malam Aminu Kano, wanda ya yi karatu a Landan a 1946 zuwa 1947, ya rubuta Motsi Ya Fi Zama. Irin waɗannan littattafai sun bayyana Turai ga mai karatu Bahaushe, amma a lokaci guda madubi ne da marubutan suka ɗaga wa al'ummarsu kan ilimi da tsarin mulki, kamar yadda malamin Azhar Rifa'a al-Tahtawi ya yi wa Masar da littafinsa na 1834 game da zamansa a birnin Paris.

Bambancin shi ne na ƙarfi. Abin da Barth ko Stebbing suka rubuta ya isa teburin masu yanke shawara kan makomar ƙasar Hausa. Abin da Dorugu ya faɗa game da Ingila kuwa an adana shi ne da farko domin koyon harshen Hausa, sai a 1971 masana biyu, Anthony Kirk-Greene da Paul Newman, suka sake fitar da shi da Ingilishi a matsayin labarin tafiya.

Abin lura ga mai karatu

A yau kyamarar wayar salula da shafuka irin su YouTube da Facebook sun karɓi babban kaso na aikin da littattafan matafiya suka yi a da. Baƙo kan kwana uku a Kano, ya ɗauki hoton marinar Ƙofar Mata da hawan salla, ko kuma na almajirai da bola, miliyoyin mutane su gani. Haka nan ɗan arewa da ke Saudiyya ko Turai kan aiko da hoton tituna da dogayen gine-gine ba tare da ɗakin da yake kwana ba, hoton kuma kan shiga lissafin matashin da ke tunanin bin hanyar Agadas.

Tambayoyin da masana tarihi ke yi wa tsofaffin littattafan suna da amfani a nan ma. Wa ya ɗauki nauyin tafiyar? Wa ya sauki baƙon? A wane lokaci na shekara ya zo, kwana nawa ya yi, da wane harshe ya yi magana da mutane? Su wa yake so su karanta? Amsoshin ba sa soke darajar rubutun, domin ba don Clapperton da Barth ba da an rasa bayanai masu yawa game da kasuwar Kano da farashin kayanta a ƙarni na 19. Suna dai taimakawa wajen sanin inda ganin marubucin ya tsaya.

Hausawa kan ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Marigayi Magaji Ɗambatta, ɗan jarida kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar NEPU a 1950, na cikin 'yan yankin da suka rubuta tarihin rayuwarsu da kansu. A ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da Gidan Arewa da ke Kaduna kuma akwai rahotannin jami'an mulkin mallaka da rubuce-rubucen malamai na Larabci da ajami, waɗanda ɗalibai daga gundumomin karkarar Kano za su iya gwada su da abin da dattawan garuruwansu suka riƙe a ka.